Neman Sirkilasiyo a Madawa

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Ban ji daɗinta ba, kuma har yanzu akwai abubuwan da ban gane ba a cikinta. Ina rubuta ta ne don ku 'yan garinmu da ke Abijan da Libiya kun ishe ni da kira, kowa da tambaya guda: an yanke ko ba a yanke ba? Na gaji da maimaitawa. Ga yadda anka yi. Wanda ya karanta ya gaya ma wanda bai iya ba.

Wanda bai sani ba, gyambo gare ni a ƙafar hagu, bisa idon sawu ta ciki. Da ɗan ƙurji ya fara, bayan na bar teburin shayin da na yi shekaru ina tsaye a bakinshi a bariki. Na sa garin bagaruwa, na sa garin kafso, na sa toka, an yi min tofi. Yakan rufe kamar ya tafi, damina na faɗuwa ya buɗe. Bana ya kai faɗin tafin hannu. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya sa na bar sahun gaba a masallaci na koma bakin ƙofa. Ba wanda ya ce in koma. Ni na ga yadda hanci ke juyawa.

Majo, ma'aikacin jinya na ƙaramar likita, wato asibitin da ke kusa da mu, ya wanke min shi. Ya ce maganinshi ɗauri ne mai ƙarfi, amma ba zai ɗaure ba sai an duba wani abu tukuna. "Ku tahi Madawa, an kawo wani inji can. Ku ce a duba muku sirkilasiyo." A bakin ƙofa ya faɗi haka, lokacin masassara ne, mata da yara sun cika rumfa suna jiranshi. Kafin in buɗe baki ya koma ciki. Ƙanena da ya raka ni ya dafa min kafaɗa. Ya yi 'yan shekaru a lakwal, makarantar boko, ya kuma yi aparanti, wato yaron mota, a Kwatano, don haka shi ne mai Faransancin gidanmu. Ya ce, "Yaya, bar min wagga. Sirkilasiyo ai na san ta kamar yunwar cikina." Sai na bar mishi.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne inji. Maƙwabcina da anka kai birni shekarun baya da ciwon ƙafa, bisa sanda biyu ya dawo, ƙafar kuwa ba ta dawo ba. Har yau bai san inda anka binne ta ba, kuma wannan ya fi cin ranshi bisa ga rashin ƙafar. Don haka na ƙudura abu guda. In za a yanke tawa, gida za ta dawo, a sa ta a maƙabartarmu kusa da iyayena, in na zo in tarar da ita.

Mun tashi da asuba bisa amalanke zuwa Babankatami. Gero ya fitar da kai ko'ina, gwanin kyau, ban da gonata da ba ta samu maimai ba. Mun wuce ta gefenta, na kau da kai. Daga Babankatami munka hau wata mota mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki da buhunan wake da wasu mata masu zuwa suna. Kun san duwatsun ƙasarmu. Kowane dutse motar ta taka, a cikin gyambon nake jin shi. Wata tsohuwa ta ɗora min ƙwaryar furarta bisa gwiwar mai ciwon, da na yi magana ta ce in yi haƙuri, ƙwarya sabuwa ce.

A Buza na ce ma ƙanena ya jira ni bakin tasha, na ja ƙafa na shiga rumfar masu yadi. Na ce a yanko min alawayyo, farin nan na likkafani. Mai yadin ya aje almakashi ya yi min gaisuwa.

"Allah shi jiƙan rai. Namiji ne ko mace?"

"Ƙahwa ce," na ce mishi, na ɗaga wando.

Ya duba, ya ja baya kaɗan. Mutum ne mai hankali, bai yi min surutu ba. Abin da ya tambaya kawai, daga gwiwa ne ko daga cinya? Na ce ban sani ba. Ya ce to gara in ɗauka da yawa, tunda ba mu san inda za su yanka ba, kada a zo naɗi yadi ya kasa. Na ga gaskiyarshi, na saya da yawa. Yadi ya yi tsada bana, har likkafani ya fi ƙarfin talaka. Da ƙanena ya ga abin da na tusa a jaka, ranshi ya ɓaci. Ya ce wannan kiran tsiya ne. Na ce ƙafarshi ce?

Motar Madawa irin ƙaramar bas ɗin nan ce da ake ce ma diznef, wato mai mutum goma sha tara, amma ban ƙirga ba, na san dai mun wuce haka nesa. Warin ƙafata ya sa kowa ya san da ni, kuma nan take kowa ya zama lokotoro. Wani ɗan kasuwa mutumin Tamaske ya rantse min da man birki, ya ce shi ya warkar da kawunshi. Wani ya ce baƙin garin da ke cikin batir. Wata ta ce ba ciwon likita ba ne, taka wani abu na yi. Na ce to, to, to, har sunka gaji.

An yi ruwan sama a daren, don haka munka tarar da wata ƙorama ta yanke hanya. Motoci sun jeru, ruwa ja wur yana wucewa da ƙirare. Nan munka zauna har rana ta take. Mata sun fito daga wani ƙauye da gasasshiyar masara da dafaffen wake da fura, kuɗin ya ninka na gida, don sun san ba inda za mu. Na sha fura, mai kyau ce, ba zan yi musu ƙarya ba. Direba ya naɗe wando ya shiga ruwan da sanda, ya fito, ya sake shiga, sannan ya ce kowa ya sauka ya ƙetare da ƙafa. Ni ba halin in sa gyambo a wannan ruwa. Ƙanena da mutumin Tamaske sunka ɗauke ni kamar buhun albasa. Mutumin Tamaske yana tsakiyar ruwa yana ƙara tuna min da man birki.

Madawa ta cika. Warin albasa tun daga bakin gari, tabarmin kaba jibge a gefen hanya, masu kilishi suna bin motoci, manyan kamyo suna wucewa bisa kwalta ƙasa na rawa. Ƙanena ya tare muna kabu-kabu biyu, ya yi musu magana da ƙarfin hali, ban ji abin da ya ce ba. Na ɗauka likita za mu. Sai ga mu a wata mararraba, inda wani ɗan sanda ke tsaye da usur a baki yana ba motoci hannu.

Na ce, "Mi muka yi nan?"

Ya ce, "Su ne sirkilasiyo, Yaya. Duk wanda ya yi aikin mota ya san su. Ƙila sai sun ba da izini kahin inji shi taɓa mutum."

Ban ga haɗin ba. Amma abubuwan gwamnati da yawa ban ga haɗinsu ba, kuma ana yin su. Sai na bi shi. Ƙanena ya ƙame, ya sara, ya ce, "Shef, majo ne ya aiko mu a duba muna sirkilasiyo." Ɗan sandan ya cire usur ya ce ina motar? Ƙanena ya ce ba mota. Babur ne? Ba babur. An kaɗe wani ne? Ba a kaɗe kowa ba. To me za a duba? Sai na ɗaga wando, don na lura a tafiyar nan ɗaga wando ya fi magana saurin aiki.

Ya dubi ƙafar, ya dubi ƙanena, ya sake duban ƙafar. Ya juya muna baya kamar zai tsayar da wata mota, amma ba mota, kafaɗunshi ne kawai ke rawa. Da ya juyo ya share ido ya ce, "Baba, sirkilasiyo biyu ce. Akwai ta hanya, akwai ta jini. Tawa ta hanya ce." Ya kira wani kabu-kabu da kanshi ya gaya mishi inda zai kai mu. Allah ya saka mishi. Ƙanena a bayan babur yana ta cewa laifin majo ne da bai faɗi wacce ba.

Mun isa likitar an tashi daga aikin injin, anka ce sai da safe. Mun kwana rumfar wani ɗan garinmu mai dakon albasa. Da safe munka koma munka tarar da layi, duk masu ciwon ƙafa. Ban san muna da yawa haka ba. Kusa da ni wani dattijo ne daga wajen Bangi, da ɗanshi. Ciwon sukari gare shi. Mikinshi ɗan ƙarami ne a babban yatsa, bai fi tsabar kuɗi ba, bushe, ba wari. Ya ce ƙafar sanyi take mishi, kuma in ya kwanta zafi ya hana shi barci sai ya sauko da ita ƙasa. Na dubi nashi na dubi nawa, na yi mishi hassada a raina. Na ce wannan magani za a shafa mishi ya tafi gida. Shi ma ya dubi nawa ya ce, "Sannu, bawan Allah." Shi anka fara kira.

Da layi ya zo kaina, wata likita ce mace, yarinya, ba ta kai 'yata ta fari ba. Da na shiga abin da na fara nema shi ne wuƙar injin. Ban gan ta ba. Akwati ne bai fi rediyo girma ba, da gilashi kamar na waya, da igiyoyin roba huɗu, kowace da irin abin nan da ake ɗaura ma mutum a hannu in za a auna tansiyo, wato hawan jini. Na ce a raina wuƙar tana ciki.

Ta ce in kwanta rigingine, ba matashi, in huta tukuna, kada in yi magana. Na kwanta ina kallon rufi tsawon lokaci, ba abin da anka yi min. Ban san kwanciya ma aiki ce ba. Sannan ta rufe gyambon da wata leda mai tsabta, ta ɗaura min abin a hannu biyu da ƙafa biyu. Na tuna ragon layya. Ta danna wani wuri, abubuwan sunka fara kumbura gaba ɗaya, suna matsa ni ta ko'ina. Da ta hagu ta matse kusa da ciwon, na zabura na yi salati. Injin ya yi ƙara ya saki.

Ƙanena ya leƙa gilashin ya ce, "Ya ce erer. Kuskure ke nan."

Na ce kuskuren wa, nawa ko na ƙafar ko na injin? Likitar ta ce duka. Ta ce motsi na rikita shi, kumburi ma na rikita shi. Ta ce, "Baba, yi salatinka a zuci." Munka sake. Na cije, na yi shi a zuci, gumi na zuba. Wannan karon ya gama ya huce a hankali. Ta dubi gilashin ta faɗa ma wani abokin aikinta da Faransanci: zero birgil nef.

Ni ban ji komai ba sai da na ga fuskar ƙanena. A lakwal ɗinsu, in mushe, wato malaminsu, ya ce zero, bulala ce ke biyowa. Ya matso kunnena ya ce, "Yaya, zero ta samu. Babu jini." Ni na riga na shirya, don haka na ce ya buɗe jaka. Ya ciro alawayyon ya aje a bakin gado. Na ce ma likitar roƙona guda ne, in sun gama su naɗe min ita a nan, da ita zan koma.

Ta dubi yadin. Ta fara dariya, sai kuma ta daina. Ta jawo kujera ta zauna kusa da kaina, ta yi min Hausa. Ta ce injin ba ya yanka komai. Ƙarfin jinin hannu yake aunawa, ya auna na idon sawu, ya gwada su. In sun yi daidai, ɗaya ke nan. Nawa saura kaɗan ya kai ɗaya.

Na ce, "To zero ɗin fa?"

Ta ce, "Bar zero, Baba, abin da ke bayanshi ake dubawa."

Ban gane ba, kuma har yau ban gane yadda abu zai fara da babu kuma ya zama alheri ba. Ta ga ban yarda ba. Ta ce ita ma ba ta gama yarda ba, don injin sauri gare shi amma a ƙafa mai gyambo da kumburi yakan yi ƙarya, sai ta ji da kunnenta. Na ce to in sai kin ji da kunne, injin na mene ne? Ta ce tambayar da su ma suke yi ke nan, shi ya sa suke gwada biyun. Wato ni ake gwadawa, injin ma gwada shi ake.

Ta ɗauko wani ɗan abu kamar biro, da igiya zuwa wata 'yar rediyo. Ta shafa min wani yauƙi mai sanyi a bayan sawu, ta ɗora bakin biron, tana matsar da shi kaɗan kaɗan. Da fari shuu kawai nake ji. Can sai ga wata ƙara, fuu, fuu, fuu, ba ta fashi, kamar injin ban ruwa in kana jin shi daga nesa a fadama.

Na ce, "Wannan mi ne?"

Ta ce, "Jininka ne. Ga shi nan ya iso."

Na ce ta bar shi kaɗan. Ta bar shi. Ƙafar da na saya ma likkafani ce ke wannan ƙara, baƙa, mai wari, ƙudaje na binta. A duk tafiyar nan wannan kaɗai na gane ba tare da an fassara min ba. Ta sake aunawa da irin abin tansiyo na hannu tana saurare, ta ce ita da injin bakinsu ya zo ɗaya.

Na ce to in jini na zuwa, mi ya kawo gyambo? Ta ce zuwa yake, komawa sama ce ke mishi wuya, sai ya taru a ƙasa ya yi ta cin fata. Nan ƙanena ya farfaɗo. Ya ce, "Ka gani, Yaya? Ambutayaj ne. Motoci sun shiga, ba hanyar hita. Na gaya maka maganar sirkilasiyo ce." Na harare shi. Mutumin da ya kai ni wurin ɗan sanda.

Ta wanke ciwon, ta naɗe ƙafar da bandeji tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, tam. Ta ce da jinin ba ya isowa, wannan ɗaurin shi zai kashe ƙafar, shi ya sa majo ya ƙi ɗaurewa. Ta ce kada in kwance, kada in zuba bagaruwa, majo zai riƙa canja min. In yatsu sunka yi sanyi ko zafi ya yi tsanani, in tafi wurinshi nan take. In yi tafiya, amma kada in yi tsayuwa. In zan huta in ɗaga ƙafar ta fi ƙirjina. Ta ce zai ɗauki watanni. A ɗaure ƙafa don jini ya wuce, a yi tafiya kada a tsaya. Na ce to.

A waje na tarar da dattijon Bangi zaune a gindin itacen bedi, ɗanshi yana gefe yana waya, hannu bisa kai. Ba a ɗaure mishi komai ba. An ce jini ba ya isa yatsun, kada a kuskura a matsa ƙafar, su wuce babbar likita ranar nan. Ya dubi farin bandejina ya ce, "Ai naka ya hi nawa girma." Na ce haka ne, Baba. Alawayyon yana cikin jakata, na ji nauyinshi, na matse bakin jakar da hannu kada ya gani. Na yi mishi addu'a munka rabu. Ban san yadda ya ƙare ba.

Dawowa ba ta da labari. Na sayi kilishi ƙunshi guda don yara, ƙanena ya cinye rabi kafin Buza. Ƙoramar ta janye. Mun shiga gari da la'asar, kuma duk wanda ya tarbe mu ƙasa yake fara kallo kafin ya dubi fuskata, har uwar 'ya'yana. Maƙwabcina ya zo bisa sandunanshi, ya zauna, ya shafa bandejin. Sannan ya ce in sake gaya mishi yadda ƙarar take. Na yi mishi da baki.

Kuna tambaya mi na koyo. Ba da yawa ba. Girman ciwo ba shi ne girman haɗari ba, na gani da idona a gindin bedi. Wanda ke da irin nawa kada ya ɗaure da kanshi don ya ji an ɗaure min, ya je a saurari ƙafarshi tukuna. Kuma in an gaya muku kalmar Faransanci, ku tambaya guda nawa ce. Sauran, da zero da birgil, na bar ma masu shi. Ba a yanke ba. Ciwon kuma bai warke ba, yana nan ƙarƙashin ɗauri yana min ƙaiƙayi.

Washegari bayan sallar asuba na kwanta a tsakar gida na ɗora ƙafa bisa turmi, yara na leƙe suna dariya. Da rana ta fito na tashi, tunda an ce in yi tafiya, na ɗauki alawayyon na taka har rumfar tela. Ya warware yadin, ya gane irinshi, ya dube ni. Na ce wando za ka ɗinka min. Ya ce wane iri? Na ce mai ƙafa biyu, ta hagu ka buɗa ta don bandeji ya wuce.